Miyar tumatir da kayan teku: tumatir ya dade a wuta, kifi ya sauka da wuri

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a, Allah ya kara basira.

Dan Allah ka bani fili a jaridar nan tamu inyi magana da 'yan uwana mata, har da mazan da suke shiga kicin, akan wata miya da naga har yanzu bamu bata hakkinta ba a gidajenmu, wato miyar tumatir da akeyi da kayan teku, kifi da jatan lande da kaguwa da sauransu. Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni Agege a Legas, kuma abinda yasa na dauki waya nake wannan rubutun shine duk inda naga an rubuta girkin miyar kifi da Hausa, a Facebook ne ko a guruf din matan unguwa ko a shafukan girki, tsarin daya ne, a soya kifi ya soyu kararau, a zuba shi a miya, a rufe a barshi yayi ta tafasa har sai mai ya taso sama. To wallahi wannan tsarin shi yake kashe miyar. Mun saba da miyar nama, shi nama lokaci yake so, sai muka dauki hannun da muke dafa nama dashi muka kai kan kifi, muna dafa kifin teku kamar ana dafa ganda, karshe kifi ya dagargaje ya bace a cikin miya kaya ta watsu ko ina, jatan lande kuma ya kankance yayi tauri ya ki taunuwa, sai mace tace ai dama abin nan ba dadi ne dashi ba, kudinsa ne kawai da yawa. Alhali laifin ba na kifin bane. Tumatir shi yake bukatar doguwar wuta, kayan teku mintuna kadan suke so, kuma su ne na karshen shiga tukunya. Rokona ga masu rubuta mana girki a jarida shine su rika fadin mintuna da kuma abinda zai riga wani shiga, a daina cewa kawai a zuba komai a barshi ya dahu.

Kafin in shiga tukunya bari in taba maganar da nasan tana ran mutane da yawa, dan ko baki nayi daga gida naga sun leka miya sun hango kafar kaguwa sai kiji ance subhanallahi wannan ai ba'a ci. Ni ba malama bace amma abinda muka karanta a islamiyya a bayyane yake, a Suratul Ma'ida aya ta 96 Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa, sannan ga hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwadda, inda Annabi Sallallahu alaihi wa sallam yace teku ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi a kasashen nan, jatan lande da kaguwa halal ne. Eh 'yan Hanafiyya sun takaita akan kifi, wannan sabani ne na malamai wanda duk mai son karin bayani ya tambayi malamin unguwarsu. Amma kyankyami daban haramci daban. Idan ranki baya so ba wanda zai miki dole, kawai kar a haramtawa yara abinda Allah ya halatta saboda mu bamu taso dashi ba. Mu da muke sayen soyayyar fara a kulla mana a leda da yaji muna ci muna santi, bai kamata ace jatan lande ne zai bamu tsoro ba.

Kuma abin da yake kara bani karfin gwiwa, rabin miyar nan fa daga gonakinmu take fitowa. Duk wanda ya taba shiga kasuwar Mile 12 da asuba yaga yadda tireloli suke sauke kwanduna yasan me nake fada, tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam da ake nomawa da ruwan dam din Tiga, na Danja, na wajen Zariya, tattasai da attaruhu da albasar Sakkwato da Kebbi, duk 'yan uwanmu ne suke nomawa su dauko su kawo su sayar. Da shi makwabtanmu Yarbawa da Ilaje da Ijo suke hada miyar kifin da in kika wuce ta kofarsu kamshi zai tsayar dake. Mu muka kawo tumatir su suka iya hada shi da abin ruwa, to me zai hana mu koya.

Maganar saye ita ce farko dan duk iya girkinki in kifi ya fara lalacewa ba abinda zai gyara shi, ba citta ba tafarnuwa ba lemun tsami ba. Mu nan Legas muna da sauki, akwai kasuwar kifi ta Oluwo a Epe, akwai Makoko, akwai Badagiri, ga Ijora wajen masu na kankara. Wadanda suke Abuja suna da kasuwar kifi ta Kado, Kano da Kaduna kuma sai dai wajen masu dakin sanyi da manyan kantuna inda ake samun jatan lande a daskare. Danyen kifi ki duba idonsa ya zama garau a bude ba wanda ya dushe ya fada ciki ba, ki daga murfin nan na gefen kansa kiga cikin ja ne jawur, in yayi ruwan kasa ko yana yauki ki ajiye musu kayansu, sannan ki danna jikinsa da yatsa in naman ya dawo to lafiya in ramin ya zauna to ya kwana biyu. Jatan lande kuma hanci ne alkali, mai kyau warin ruwan gishiri kawai yake, in kika ji wani wari mai hawa kai yana yaji a hanci to ya tashi daga aiki. Kaguwa in da hali a saya da ranta tana motsi, matacciyar da ba'a san yaushe ta mutu ba a barta.

Na kankara kuma ga inda nake so 'yan uwa na arewa su bude kunne sosai saboda matsalar wutar nan tamu. Kifi irin sukumbiya in ya narke ya dauki zafi aka sake daskarar dashi, akwai wani sinadari da yake taruwa a namansa ana ce masa histamin, kuma wuta bata kashe shi, ko kin soya ko kin dafa yana nan, shi ne kike ganin mutum yaci kifi ba jimawa fuska tayi ja, kai na ciwo, jiki na kaikayi, ciki ya rude. Dan haka in kika ga kwalin kifi da kankara ja ja a kasa alamar jini ya narke ya sake daskarewa, ko kifin yayi laushi cikinsa ya fashe, kar arha ta rude ki. In kin kawo gida kuma kar a shanya shi a rana wai ya saki, a sa shi a kasan firij tun dare ko a kulle a leda a tsoma a ruwan sanyi.

Wane kifi ya dace da miyar? Mai tsoka da kauri wanda baya saurin wargajewa. Kuroka shi ne na gaba a wajena, sai barakuda da jan kifin nan sinafa. Panla yana da arha amma saurin marmashewa gare shi, sukumbiya kuma mai gare shi da karfin wari yana danne kamshin jatan lande, in shi kadai ne a hannu a yi dashi amma a rage man miyar. Kuma wanda yake nesa da teku kar yace abin ya fi karfinsa, giwan ruwanmu na Yawuri da tafkin Chadi wallahi ba abinda kuroka zai nuna masa a cikin wannan miyar, karfasa ma tanayi, tarwada ma tanayi in an wanke yaukin da ruwan zafi da lemun tsami.

Yanzu ga abinda nake gani ana zubarwa a bola yana bani takaici, kan jatan lande da bawonsa da kan kifi. A nan dadin miyar yake. In kin bare jatan landenki, ki tsaga bayansa da bakin wuka ki zare bakin zaren nan, hanjinsa ne kuma yana rike yashi, sai ki wanke tsokar ki mayar firij. Kawunan da bawon kuma ki zuba a tukunya da man gyada cokali 1 ki dan soya kina dannawa da ludayi har su koma ja kamshi ya tashi, ki jefa kan kifin bayan kin cire jan abin nan na ciki dan yana sa daci, ki yanka rabin albasa da 'yar citta, ki zuba ruwa kofi 4 ki barshi a karamar wuta minti 20 kacal. Ya wuce haka sai ya fara sauya dandano. Ki tace da rariya mai laushi ki ajiye ruwan a gefe. Wannan ruwan shi zaki sa a miya a maimakon ruwan famfo, kuma da shi zaki ga ko dunkule baki bukata da yawa.

Sai tumatir, kuma anan nake so a zauna a yi hakuri. Ga gida mai mutum 6 ni abinda nake sawa shine tumatir manya nunannu 12, tattasai 4, attaruhu 2 ko 3 gwargwadon yadda gidanku suke cin yaji, albasa manya 2, kifi kilo 1, jatan lande rabin kilo, kaguwa 4. Ki markada tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daya, amma kar ki cika ruwa a blanda, in ma jajjage zakiyi yafi, dan miyar tafi kyau in tana da dan jiki. Ki juye markaden a tukunya ba mai ba komai, ki dora a wuta a bude ba murfi, ki barshi yayi ta tafasa kamar minti 25 zuwa 30 har ruwan ya kone ya koma kirtif yana bula bula. Wannan tafasar ita take cire danyen warin tumatir da gafin nan da mutane suke kira tsami.

Nasan yanzu wata zata ce ai sai a jefa kanwa ko bekin foda a huta. Ni dai a miyar kifi ban yarda da wannan ba sam. Kanwa tana kashe tsami gaskiya ne, amma tana kashe shi gaba daya, ta dusashe jan kalar miya ta koma wani duhu duhu, ta bar wani dandano a bayan harshe, alhali shi abin ruwa yana son dan tsami kadan, shi yake yanke karni yake fito da zakin jatan lande. Abinda ake so a kora gafin danyen tumatir ne, kuma wuta da albasa suke korarsa. In tumatirin irin na damina ne mai ruwa da tsami sosai, ki kara albasa ko ki markada karas guda 1 a ciki, zakinsa ya isa. Kuma tunda an zo maganar damina, kowa yasan daga watan Mayu zuwa wajen Agusta tumatir tsada yake, kwando ya tashi, ba'a ma maganar shekara irin 2016 da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har mutane suka sa mata suna ebolar tumatir. A irin wannan lokacin kauda tana rufin asiri, ki wanke ta sosai saboda kasa, ki jika da ruwan dumi ta kumbura, ki markada da tattasai mai yawa da na gwangwani cokali 2, miyar zata dan fi duhu amma dandanon yana da zurfi, wasu ma sun fi son ta haka.

In markade ya tsotse sai ki dauko tukunya mai fadi, wannan yana da muhimmanci dan kifi yana son ya kwanta kowanne a wajensa ba a jibga wani kan wani ba. Ki zuba man gyada kamar rabin kofi, mai son manja ya hada rabi da rabi, ki yanka dayar albasar siriri ki soya a karamar wuta har tayi laushi ta fara zama ruwan zuma, kar ta kone. Ki sa dakakkiyar tafarnuwa kwara 5 da danyar citta, ki juya minti 1, in zaki sa tumatirin gwangwani yanzu ne lokacinsa ki soya shi a man har ya dan yi duhu, sannan ki juye dafaffen markaden. Ki soya kina juyawa minti 15 zuwa 20 har mai ya rabu ya taso gefe gefe. Kin ga kenan tumatir shi kadai ya kusa cin awa guda a wuta kuma har yanzu ko kifi daya bai shiga ba. Haka ake so.

Kayan kamshi a bi a hankali. Mun saba da hannu mai nauyi, kori da tayim da kanumfari da dunkule 6 duk a tukunya daya, to wannan na miyar kaza ne. A nan masoro kadan, gishiri kadan dan kaguwa da jatan lande suna zuwa da nasu gishirin, kimba guda 1 a fasa a jefa a cire daga baya, daddawa 'yar mitsitsiya ga mai so, ni ina sawa kuma tana tafiya da tumatir da kifi sosai. Kori in ya zama dole to bakin cokali. Sai ki juye ruwan kawunan nan da kika tace, ki juya, ki barshi ya tafaso minti 5 ki dandana. Duk gyaran gishiri da yaji a yi shi yanzu a gama, dan in kifi ya shiga an daina juya miya.

To ga jerin shigar, kuma dan Allah a rike agogo a hannu. Kaguwa ce farko, bayan kin wanke ta da buroshi kin cire murfin bayan da abin nan mai kama da soso na gefe kin raba ta biyu kin dan fasa manyan hannuwan dan miya ta shiga, ki jefa ki rufe minti 8 zuwa 10. Sai ki rage wuta miya ta koma tafasa a hankali, ki jera yankan kifin danye wanda kika shafa masa gishiri da lemun tsami tun dazu, ki debo miya da cokali ki zuba a kansa, ki rufe minti 7 ko 8 ya danganta da kaurin yankan. Danye nace, ba soyayye ba. Danyen kifi yana sakin ruwansa a miya ita kuma miyar ta ratsa shi, soyayye kuwa ya riga ya rufe jikinsa ya bar dadinsa a kasko. Wacce take tsoron zai fashe mata ta dan nuna masa mai mai zafi minti 1 kowane gefe ya kame, amma ba suyar kararau ba. Daga nan sai jatan lande, ki barbaza a sama ki danna su su nutse, minti 3 ya ishe su, da zarar sun koma ja sun dan lankwasa to sun dahu, in kika ga sun nannade kai ya hadu da jela to an wuce gona da iri. Masu sa kalamari, wato abin tekun nan mai laushin jiki da hannuwa da yawa, su sani shi abu biyu ne, ko minti 2 ko kuma a dafa shi sama da minti 40 tun tare da tumatir, tsakanin nan tauri kawai zaiyi. Masu samun irin abin ruwan nan mai kwanso biyu da yake budewa ya rufe kuma, wanda bakinsa yake bude tun yana danye aka kwankwasa bai rufe ba a yar, wanda aka dafa bai bude ba shima a yar.

Tunda kifi ya shiga ludayi ya huta. In kina jin kamar zai kama ki rike hannuwan tukunya da tsumma ki girgiza ta a hankali. Ki kashe wuta tun kina ganin kamar da saura kadan dan zafin miya zai karasa, ki matse rabin lemun tsami, ki yayyanka ganyen daidoya ko lawashi ki watsa, ki rufe minti 5 kafin a zuba.

Ba mu kadai muka san tumatir da kifi suna jituwa ba. Senigal suna da cebu jen dinsu ta garin Sanluwi, shinkafa da kifi da tumatir, wadda hukumar raya al'adu ta Majalisar Dinkin Duniya, UNESCO, ta sa a jerin al'adun duniya a 2021. 'Yan uwanmu na zangon Gana sun san fante fante, miyar masuntan Elmina da Kef Kos ta danyen kifi da manja da tumatir. A Marsai ta Faransa akwai buyabes, a San Faransisko ta Amurka kuma akwai cofino wadda masunta 'yan asalin Italiya suka fara da ragowar abinda suka kamo. Duk ka duba zaka ga miyar masunta ce, kuma yawancinsu ka'ida daya suke bi, a gama hada ruwan miya tukuna abin ruwa ya shigo a karshe. Abu daya da zan ja kunne akai, masu kallon bidiyon girkin Turawa zasu ga suna tsiyaya farar giya a irin wannan miyar, to mu ba ruwanmu da ita, abinda suke nema a ciki dan tsami ne da kamshi, kuma ruwan tsamiya cokali 2 ko lemun tsami tare da ruwan kawunan nan ya biya bukata har da kari.

Nasan maigida zai ce wannan ai girkin masu kudi ne a wannan yanayin da ake ciki. Gaskiya manyan jatan lande suna da tsada ban musa ba. Amma ba dole sai an hada duka ba. Kifi kilo 1 da kananan jatan lande cikin hannu biyu ya isa ya sauya miyar gaba daya, in ma babu danye to busasshen kirafish da ake sayarwa a kusan kowace kasuwa a arewa, a daka cokali 2 a sa lokacin suyar tumatir, a dafa kan kifin a samu ruwan miya, wallahi sai an tambaye ki me kika sa. Kuma a lissafa gas din da aka rage, dan naman shanu yafi kifi cin wuta nesa ba kusa ba.

Iyaye mata a kula da abu biyu. Akwai mutanen da jininsu baya karbar jatan lande da kaguwa, wani borin jini zai taso masa, wani lebe da fuska su kumbura, wani har numfashi ya rika sarkewa, kuma wannan na karshen ba abin a tsaya ana bada manja ko jiko bane, asibiti za'a nufa a take. Dan haka yaron da bai taba ci ba a fara bashi kadan a gani, bako kuma a fada masa abinda ke cikin miya kafin ya sa hannu. Na biyu kayar kifi, a zauna a cire wa yara da hannu, ko a zaba musu tsokar tsakiya.

Abin ci da ita kuwa farar shinkafa ce kowa ya sani, amma ku gwada da sinasir ko waina ko tuwon shinkafa, ko dafaffiyar doya, ni kam in na samu gurasa irin ta gida wadda zan rika dangwalawa tana shan romon to bana neman komai. A ajiye kwano a tsakiya na zuba bawon kaguwa dan da hannu ake cin ta.

Sai maganar dumame, dan mu mun saba miya daya ta kwana uku ana dumamawa safe da dare. Wannan bata jure haka, duk dumamawa daya karin dahuwa ce akan kifin da ya riga ya dahu. In ta ragu ki tsame kifin da jatan landen daban ki sa a firij da zarar sun huce, washegari ki tafasa ruwan miyar shi kadai sannan ki mayar dasu su dau zafi sosai ki sauke, kuma kar ta wuce kwana 2. In babu tabbacin wuta to a dafa daidai cin rana daya. Dabarar da tafi sauki ga mai aiki ko mai yara da yawa ita ce lokacin da tumatir yayi arha da rani ki soya shi da yawa ki raba a robobi ki daskarar, ranar da aka samo kifi mai kyau sai ki dauko roba daya ki dafa kawunan ki hada, kafin awa guda an zauna cin abinci.

Nagode Malam Edita, Allah ya bar zumunci, a gaida ma'aikata.

Taku,
Wata uwargida daga Agege, Legas